Neman kalma: me za mu kira abin da taswirar waya ke yi wa direba?

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis zan gabatar da shiri kan haɗarin kallon taswirar Google ana cikin tuƙi. Ina neman kalmar da za ta ɗauki ma'anar abin da Turawa ke kira distraction, da kuma sunan da ya dace da na'urar da ke nuna hanyar.

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Shagala ce ta fi dacewa, domin wanda ya shagala bai yi niyyar barin aikinsa ba, wani abu ne ya janye shi. Sakaci ya yi faɗi, tunda har ƙin gyara birki sakaci ne.

Direban haya: Hajiya, ni ɗaukewar hankali na fi so, ko da yake ba hankali kaɗai taswira ke ɗaukewa ba. Ido yana kan waya, hannu yana latsa sunan unguwa, zuciya kuma tana lissafin ko an wuce kwanar. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, saboda haka kallon daƙiƙa biyu ya isa a yi tafiyar mita 56 ba a ga titi ba.

Dattijon marubuci: Shagala da na'ura duk aro ne daga Larabci. A zamanin fatauci, mai shige wa ayari gaba ya nuna hanya jagaba ake ce masa. Me ya hana mu kira wannan abin jagaba? Mun raina namu ne kawai.

Malamar Hausa: Ranka ya daɗe, hankali ma daga Larabci muka samo shi, kuma babu Bahaushen da ke jin sa baƙo. Damuwata da jagaba ita ce sunan zai sa direba ya miƙa wa waya wuya, alhali so muke ya rubuta inda za shi kafin ya tayar da mota, ya bi muryar da ke faɗa masa hanya, in kuma hanya ta rikice masa ya tsaya a gefe ya duba.

Dattijon marubuci: Turawa sun ƙirƙiri nasu ba wanda ya hana su, sai mu ne kullum muke jin nauyi.

Mai shirin rediyo: Na gode ƙwarai. Zan ce shagala a tuƙi, in fayyace ta da bayanin Malam direba. Ita kuwa na'urar, taswirar waya zan kira ta a wannan makon.

Dattijon marubuci: To, shagalar na bar muku, amma maganar jagaba ban janye ba.