Wa ya taɓa hawa Jabal Musa? Ina neman shawara

Ɗan_Azhar:
Salamu alaikum jama'a. Mun samu hutu ni da abokaina muna so mu je Sina mu hau Jabal Musa, dutsen nan da ake cewa shi ne Ɗuri Sina. Tambayata, za a iya zuwa a hau a dawo rana ɗaya daga Alƙahira? Kuma wanda bai saba motsa jiki ba zai iya kuwa? Don akwai wani a cikinmu ko benen hostel ya hau sai ya zauna ya huta.

Bakatsine:
Wa alaikumus salam. Daga Alƙahira a rana ɗaya? Malam ku rufa wa kanku asiri, tafiyar awa shida zuwa bakwai ce a mota ga shingen jami'an tsaro a hanya, kowa ya riƙe fasfo da iƙamarsa a aljihu. Gara ku sauka Dahab, wani gari na bakin teku a Sina, ku kwana, daga can awa biyu ne da 'yan kai zuwa Sant Katrin, garin da ke gindin dutsen, motocin yawon buɗe ido da dare suke ɗibar mutane don ana fara hawa ne wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na dare saboda a riski fitowar rana a sama. Tsayinsa mita 2,285, hanya biyu ce, akwai ta raƙuma mai kwana-kwana ita ce mai sauƙi, awa biyu da rabi zuwa uku, sai ta matakala kusan 3,750 wadda sufayen Kirista suka sassaƙa, wannan kam kar ku fara da ita. Shi abokin naku ya hau raƙumi, amma ku gaya masa gaskiya tun yanzu, raƙumi ba ya kai wa ƙarshe, matakala 750 na ƙarshe kowa da ƙafarsa yake takawa, a nan ake gane maza. Kuma dole ku tafi da ɗan jagora cikin Badawin wurin, ba a barin baƙo ya hau shi kaɗai.

Maman Iman:
Ƙanena sanyi fa, sanyi! Kar zafin Alƙahira ya ruɗe ku, wlh hunturun Jos wasa ne, lokacin sanyi har ƙanƙara tana sauka a wurin. Ku tafi da rigar sanyi mai kauri da hula da safa da tocila da takalmi kambas, ban da silifas don Allah. Akwai rumfunan shayi a hanya, a sama kuma suna ba da hayar bargo. In kun sauko ku leƙa gidan sufayen da ke gindin dutsen, tun ƙarni na 6 yake, har da tsohon masallaci a cikinsa na zamanin Faɗimiyya, amma da safe kawai suke buɗewa kuma ku kauce wa Lahadi.

Abu Sumayya:
Ni dai tunatarwa ce, ku je da niyyar kallo da tunani a kan halittar Allah, ba neman tabarruki ba, don malamai ma sun yi saɓani ko shi ne ainihin dutsen da Annabi Musa (AS) ya yi munajati.

Ɗan_Azhar:
Haka ne Ustaz, yawo ne kawai. Na gode Anti, na gode Bakatsine. To sallar asuba fa, a ina za ta same mu?

Bakatsine:
A can ƙololuwa in kun yi sauri. Akwai ɗan ƙaramin masallaci kusa da cocin, sai dai ku riƙe alwalarku tun daga ƙasa ko ku ɗauki gorar ruwa daban, kar ku dogara da samun famfo a sama.