Mai gidan hayata ta gayyace ni bikin Diwali, kuma na riga na ce to

Ɗan Gwale a Indiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara, abin nan ya hana ni barci.

Ina karatun harhaɗa magunguna a Greater Noida, kusa da Delhi. Da na zo na sha wahalar neman ɗaki, da zarar mai gida ya ga baƙar fata sai ya ce an riga an kama. A ƙarshe wata dattijuwa 'yar Hindu ta ba ni ɗakin sama. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Kanada. Ita ta cike min takardar da doka ta ɗora wa mai gida ya kai wa ofishin rajistar baƙi, ba tare da ta nemi ko sisi ba. Da zazzaɓin dengue ya kwantar da ni bara, ita ta kira mota ta kai ni asibiti, ta riƙa aiko min da shinkafa da miyar wake har na miƙe. Da azumi takan ajiye min ayaba da dabino a bakin ƙofa. Ba ta cin nama, amma ba ta taɓa hana ni dafa kaza a sama ba. Anti nake kiranta.

Yanzu Diwali, bikin fitilu na 'yan Hindu, ya matso, 'ya'yanta ba za su zo ba bana. Ta ce in sauko da yamma ranar babban bikin in taya ta jera ƙananan fitilun kasko a baranda da matakala saboda ciwon gwiwa, sannan in zauna da ita lokacin da za ta yi puja, wato ibadarsu. Na ce to. Yaya zan yi?

Malam Abu Hafsa:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, wannan ba ya buƙatar dogon tunani. Puja ɗin daren Diwali bautar Lakshmi ce, wadda suke ɗauka allahiyar arziki. Ana share gida a kunna fitilu ne don ta shigo. Za a ajiye gunkinta da na Ganesha, a zagaya musu da wuta a faranti, a miƙo maka ka shafa hannu a kan harshen wutar, a ɗiga maka jan abu a goshi, sannan a ba ka alewar da aka fara miƙa wa gunkin. Wanne daga ciki za ka iya? Ka je yau ka ce mata addininka bai yarda ba. Shi ke nan.

Ɗan Gwale a Indiya:
Malam, ni ban ce zan yi sujada ba. Kuma abokan ajina sun ce fitilun tunawa ne da dawowar Rama garin Ayodhya bayan shekara 14 a daji, mutanen gari suka haskaka masa hanya. Ai kamar tarihi ne.

Malam Abu Hafsa:
Shi Rama ɗin ma bauta masa suke yi. Ko ta ina ka ɓullo, wuri ɗaya za ka faɗa.

Maman Ilham:
Ni dai Diwali ban manta shi ba. Mun kai maigida aikin ƙoda Delhi a watan Nuwamba, wallahi washegarin bikin ko ginin da ke gabanmu ba ka gani saboda hayaƙi. Ga na tartsatsin wuta, ga na ƙona karan shinkafa da manoman Punjab da Haryana ke yi a daidai lokacin. An ce kotun ƙolinsu ta ƙayyade awa biyu kacal na wasan wuta a 2018, daga takwas zuwa goma na dare, amma har asuba muna jin ƙara. 'Yata mai asma sai da aka sa mata iskar numfashi. Shi kuwa dillalin da ya haɗa mu da asibitin ya karɓi kuɗinsa ya kashe waya. Ƙanina, ka sayi takunkumi mai kyau, ka toshe tagogi.

Ɗan Maraɗi a Pune:
Malam, da girmamawa, akwai abin da ya kamata a rarrabe. Musulmin Indiya sun haura kashi 14 cikin ɗari a ƙidayar 2011, suna zaune da maƙwabtan nan tun kaka da kakanni. Da yawansu suna karɓar kwalin alewa ranar Diwali, su kuma su aika da nasu ranar Sallah. An ruwaito cewa an tambayi Nana A'isha kan kyautar da Majusawa ke kawowa ranar idinsu, ta ce kada a ci abin da aka yanka domin ranar, amma a ci 'ya'yan itatuwansu. Kuma aya ta 8 a Suratul Mumtahana ba ta hana kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba. Shawarata: ana yin puja ne bayan faɗuwar rana, to ka ce mata lokacin sallarka ne. Ka sauko bayan an gama, da kwalin alewa daga shago, ku ci abinci tare. Ka gaya mata tun yanzu ba ka cin wadda aka miƙa wa gunki. Sun san wannan, ba za ta ji haushi ba.

Malam Abu Hafsa:
Karɓar kyauta daban, kunna fitilar bauta da hannunka daban. Riwayar da ka kawo ba ta ce a je a taya su ba. Mu daina neman ƙofa.

Baban Sadik:
Ka shiga jirgin ƙasa ka tafi Aligarh wajen ɗalibanmu kwana biyu, ka ce tafiya ta kama ka. Amma kada ka ɓata da matar nan. Ka manta harin da aka kai wa ɗaliban Najeriya a nan Greater Noida a watan Maris na 2017? Ni mai gidana ranar Holi, bikinsu na watsa launi, yaransa suka watsa wa sabuwar shaddata launi ina hanyar masallacin Juma'a, na yi magana, wata bai ƙare ba ya ce in tashi, kuɗin ajiyata ma bai dawo min da su ba har yau.

Ɗan Gwale a Indiya:
Baba, ba tsoron kora ne ya sa na ce to ba. Kuma ba zan yi mata ƙarya in gudu ba, matar da ta zauna a gefen gadona a asibiti. Ku ba ku ga fuskarta ba lokacin da take cewa bana ita kaɗai ce. Duk gidajen layinmu za su yi haske, nata ya zauna cikin duhu saboda ba ta iya hawa matakala?

Malam Abu Hafsa:
Ta kira yaron maƙwabta. Ka kai ta kasuwa, ka ɗauko mata kaya, ka saya mata maganin gwiwa, duk lada ne. Fitila dai a'a.

Ɗan Maraɗi a Pune:
Ka je masallacin unguwarku ka tambayi limamin, shi ya fi mu sanin yadda suke yi a can.

Ɗan Gwale a Indiya:
Limamin ba ya jin Turanci sosai, ni kuma Hindi ɗina na cefane ne. To idan na jera fitilun kawai na zuba mai, ita ta kunna da kanta fa? Ɗazu ma ta aiko min da sabuwar riga da ta saya min don ranar, ban san ko in mayar mata ba.