Malamin da Ya Je Koyarwa Ƙasar Waje: Me Za a Duba a Ajinsa?

Mai shirya bita: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ana haɗa bitar mako biyu ga malamai masu tafiya koyarwa waje, irin na shirin TAC da Najeriya ta fara a 1987, mai tura ma'aikata shekara biyu ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik. Me za a sa a ciki, kuma yaya za a riƙa duba su in sun isa?

Tsohon sufeto: Wa alaikumus salam. A raba shiga aji don ba da maki da shiga don gyara. In mutum ɗaya ke yin duka biyun, darasin ado za a shirya masa, yara sun haddace amsa tun jiya. A zauna minti 15 kafin darasi a tsayar da abu ɗaya tak da za a duba. Mai duba ya zauna can baya, ko gyaran murya kada ya yi. Tattaunawar bayan darasi kada a jinkirta ta fiye da kwana biyu, kuma malamin ne zai fara magana.

Malamar horaswa: Allah ya ƙara girma, Baba. Kuma a daina rubuta "darasi ya yi kyau". A rubuta lokaci da abin da ya faru: 9:12, ya yi tambaya, ya amsa wa kansa. Baƙon malami ba ilimi ke kayar da shi ba, kunnen yara ne bai saba da lafazinsa ba. Binciken Mary Budd Rowe, masaniyar ilimi 'yar Amurka, ya nuna malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya bayan tambaya. In jiran ya kai daƙiƙa 3, amsa takan yi tsawo, masu ɗaga hannu su ƙaru. To ina ga yaron da sai ya juya tambayar zuwa harshen gida a zuciyarsa? A ƙirga masa daƙiƙun da agogo. A kuma zana wurin zaman kowa, a sa alama duk wanda aka kira. Baƙo kan maƙale wa 'yan layin gaba, don su kaɗai ya riƙe sunansu.

Malamin Turanci: A ɗauki tsarin CELTA na Cambridge, kwas ɗin horar da malaman Turanci: awa 120, ciki har da awa 6 na koyarwa a gaban mai horaswa.

Tsohon sufeto: Yana da kyau, Malam, amma don koyar da manya aka yi shi, a ƙaramin aji. Bai tanadi yara 60 da allo ɗaya ba. A ari yadda suke gyara bayan darasi, a bar sauran.

Malamar horaswa: Ga bitar kanta, koyarwar gwaji irin wadda aka ɓullo da ita a Jami'ar Stanford ta Amurka a shekarun 1960: minti 5 zuwa 10, dabara ɗaya, a ɗauka a waya, a kalla, a sake. Sakewar ce maganin, ita kuma aka fi tsallakewa in lokaci ya ƙure. A aji na gaske ba a ɗaukar yara bidiyo sai da izinin makaranta da iyaye.

Shugaban makaranta: Ku dubi Japan. Shirinsu na JET, shi ma na 1987, yana haɗa baƙo da malamin gida a aji ɗaya. Inda yake cijewa: baƙon ya koma rediyo, sai an ce karanta ya karanta. A rubuta a tsarin darasi wa ke riƙe da wane minti. Sannan makon farko baƙo kada ya taɓa alli, ya zauna ajin malaman gida ya ga gaisuwa, kiran suna da irin horon da aka yarda da shi. Kenya ta hana bulala a makarantu tun 2001. Wanda ya saba da tsumagiya ya ji wannan tun kafin ya hau jirgi.

Mai shirya bita: Na gode ƙwarai. Ziyara nawa a zango?

Tsohon sufeto: Uku a zangon farko, ta farko cikin mako na uku, daga nan ɗaya kowane zango. A cire sunaye daga takardun duban ajin a aiko muku, da su za ku gina bitar ayarin baɗi.