Salula na nuna hoto amma ba ta jin yatsa: ku ma kuna gamuwa da haka?

Mai gyaran salula, Babbar Kasuwa:
Salamu alaikum ƴan uwa. Kusan kullum sai an kawo mini salula da ƴar tsaga a gefe, hoto tas, amma wani sashe ba ya jin yatsa sam. In na ce sai an canza gilashin gaba ɗaya, sai mai ita ya ɗauka kuɗinsa nake so in ci. Abin na damuna ƙwarai.

Mai sayar da atamfa, Sabon Gari:
Wallahi tawa ce ka faɗa. Jikana ya yar da ita, tun ranar lambobin layin ƙasa suka daina dannuwa.

Ɗaliba, jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo:
Hajiya, maigyara bai cuce ki ba. A jikin gilashin akwai wata shimfiɗa siririya da ido ba ya gani, ana kiranta ITO, haɗin ƙarfen indiyam da kuza da iskar oksijin. Haske na ratsa ta, wuta na bin ta, ita ke jin yatsa. Sai dai ba ta jure lanƙwasa, tsaga ɗaya ta yanke layukanta, kuma ba a ɗinke su. Na riƙe gilashi mai ITO a hannuna, sai da na ɗora masa mitar gwajin wuta na gane fuskar da ke ɗauke da ita. Rashin jure lanƙwasar nan ne ya sa ake neman madadin ITO da girafin, wato gawayin bakin fensir mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya. Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓare shi da salatif a Manchester a 2004, aka ba su kyautar Nobel a 2010. Kashi 2.3 cikin ɗari na haske kawai yake sha, kuma yana lanƙwasuwa. A 2010 ɗin masu bincike a Koriya ta Kudu sun yi shimfiɗarsa mai inci 30 a kan tagulla. Matsalarsa, falle ɗaya bai kai ITO kai wuta ba, sai an jera falle a kan falle an ƙara masa sinadari.

Mai haɗa sola, unguwar Zariya:
Ƙanwata, ni ta wajen sola abin ya ja hankalina, tunda kin ce girafin na lanƙwasuwa kuma haske na ratsa shi. Na sha hawa rufin ƙasa a ƙauye da fannon sola mai nauyi, azara na motsi ƙarƙashina. Da akwai mara nauyi mai naɗewa kamar tabarma, da mun huta. Amma zai jure zafin Afrilu da ƙurar hunturu?

Ɗaliba:
Yaya, nan gizo ke saƙar. Irin sola mai naɗewa da ake yi da sinadaran roba, iska da laima da zafin rana na saurin cinye ƙarfinta, alhali fanno na silikon ana ba shi garantin shekara 25. In don rufin gida ne, ka ci gaba da silikon tukuna.