Kaskar gabashin Asiya: wa ya taɓa haɗuwa da ita?

Ɗan Kazaure, Henan: Salam 'yan uwa na Sin da Koriya da Japan, dan Allah wa ya taɓa haɗuwa da ƙaramar kaskar nan mai ruwan ƙasa, Haemaphysalis longicornis? Abokina ɗan Xinyang ya kai ni ƙauyensu lokacin tsinkar ganyen shayi, muna saukowa daga gona babarsa ta ce kowa ya naɗe wando a duba, sai ga guda a bayan gwiwata kamar ƙwayar riɗi, ko cizon ban ji ba. Wlh hankalin babar ya tashi, don a nan lardunan Henan da Hubei na Sin aka fara gano zazzaɓin SFTS, wanda cizon kaskar nan ke jawowa, a 2009 kuma tsofaffin manoma ya fi kashewa.

Maman Ilham, Jeju: Subhanallah, Allah ya tsare ɗan uwa. Nan tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu ma kaskar ta cika wajen kiwon dawaki, daga Afrilu har Oktoba ba na barin yara su zauna kan ciyawa sai da tabarma, in mun dawo kuma wanka kawai, ina bin bayan kunne da hammata da tsakiyar kitso ɗaya bayan ɗaya.

Bazazzagi, Miyazaki: Mu a Japan yammaci da kudu abin ya fi tsanani, a 2013 aka fara sanar da cutar. A gonar shanun da nake koyon aiki na ga kunnen maraƙi ɗaya cike taf, malaminmu ya ce akwai nau'inta da macen ke yin ƙwai ba namiji, guda ɗaya tak ta isa ta cika makiyaya, shi ya sa ta yi nisa haka, ga ta a gabashin Rasha da Ostareliya da New Zealand, a 2017 ma aka same ta jikin tunkiya a New Jersey ta Amurka. Kuma kyanwa na ɗaukar cutar ta sa wa mutum, ku daina taɓa na titi in ba ta da lafiya.

Ɗan Kazaure: Ikon Allah, har mage?

Bazazzagi: Ƙwarai kuwa. Sannan yadda muke yi a gida, a fizge kaska a jikin saniya a murje ta da farce, kar a yi nan. Hantsaki za ka sa dab da fata ka ja a hankali.

Maman Ilham: In zazzaɓi ko amai da gudawa suka biyo baya cikin sati biyu a tafi asibiti, a faɗa wa likita kaska ce ta ciji mutum, kar a tsaya shan maganin maleriya a ɗaki.