Hutun Disamba, sanyi da yaran dangin miji: ku ba ni shawara

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mata. Ina kwananku, ya sanyi? Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance.

A Kano nake. Tunda aka ba da hutun zangon farko gidana ya cika. Nawa uku ne, sai yayar maigida da ke Kaduna ta turo nata huɗu, kamar yadda ta saba duk Disamba. Babbar, Ummi, shekararta 14, autan kuma 5. Allah ya sani ina son yaran nan, suna da tarbiyya, uwarsu ma tsakanina da ita sai alheri. Amma bana abin ya sha kaina, kuma duk ƙananan abubuwa ne da nake jin kunyar faɗa.

Ruwan tanki da asuba kamar ƙanƙara, ko alwala sai an dafa. Kullum ina dafa ruwan wankan mutum tara, gas ɗin da yake kai mu ƙarshen wata ko rabi bai yi ba ya ƙare, wuta kuma ba ta zama balle a jona hita. Yaran sun zo babu rigar sanyi ko ɗaya, babu safa, babu man shafawa. Na raba musu na 'ya'yana, yanzu ba wanda ya wadata, kowa sai jan majina da tari, ɗaya kuma haɓo yake yi. Autan yana fitsarin kwance, kusan kullum ina wankin bargo da ruwan sanyi har hannuna ya tsattsage. Ga ƙura. In share falo da safe in goge, kafin azahar tebur ya yi fari fat, domin wannan ya shiga wancan ya fita, ba mai rufe ƙofa. A kan haka ga biki uku a gabana, kowanne da ankonsa.

In na yi wa maigida magana sai ya ce, "Kwana nawa ne? Ki yi haƙuri." Ya fita da safe, sai bayan isha'i ya dawo ya tarar sun yi barci. Ni kuwa zuciyata ta fara saurin hawa, kuma ba na so yaran su koma gida su ce Anti ba ta son su. Ta yaya zan sa ya fahimce ni ba tare da ya ɗauka danginsa nake gudu ba? Ko in kira Yaya da kaina?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya ba ki lada. Ki daina jin kunya, riƙon yara bakwai cikin hunturu aiki ne na gaske.

Kada ki kai wa yayar mijinki ƙorafi. Maganar dangin miji ta bakin miji take bi. Amma ki sake salon yadda kike faɗa masa. In kika ce "na gaji", abin da zai ce shi ne ki yi haƙuri, domin ba ki ba shi abin da zai kama ba. Bari ya ci abinci ya natsu, ki zauna ki ce, "Baban Sadiƙ, yaranmu bakwai yanzu, ga abin da gida yake ci." Ki lissafa masa: gas, burodi, sukari, sabulu, omo, rigunan sanyi huɗu. Kada kalmar "yaran Yaya" ta fito daga bakinki, "yaranmu" za ki yi ta cewa. Namiji ya fi gane lissafi a kan ƙorafi.

Sannan me ya sa ke kaɗai kike aikin? Budurwa mai shekara 14 tana gidan, ke kike wankin bargo? A zamaninmu in an kai yarinya hutu gidan kawunta, aiki take koyowa, kuma uwarta godiya take yi. Ki ja ta a jiki, ki ce ke ce babbar 'yata, wanke-wanke da yi wa ƙanana wanka naki ne. Mazan su yi shara da ɗiban ruwa, naki da nata ba bambanci. In kin ware naki suna aiki su suna kallon talabijin, a nan ne za su ji su baƙi ne.

Ummu Hanan:
Sannu 'yar'uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in taɓa ɓangaren lafiya, domin a cikin abin da kika lissafa akwai wanda ba ƙarami ba ne.

Da gas ya ƙare, abin da mutane ke komawa shi ne gawayi. Don girman Allah kada a shigar da kasko ko kurfoti mai garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Garwashi yana fitar da wata iskar guba da ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum ya fara da ciwon kai da jiri, ya yi barci, ba zai farka ba. Janareta ma haka, a nesa da taga ake ajiye shi. Kuma in za a surka ruwan wanka, na sanyi ake fara zubawa a bokiti kafin na zafi, kada a bar tafasasshen ruwa a tsakar gida yara na guje-guje. Lokacin sanyi muna yawan karɓar yaran da suka ƙone ta wannan hanyar.

Mai haɓo, bushewar iska ce take tsaga cikin hancinsa. In ya fara, a zaunar da shi ya ɗan sunkuyar da kai gaba, a matse wurin taushin hancin minti 10 ba a saki ba, yana numfashi ta baki. Kada a ɗaga kansa sama, jinin zai bi maƙogwaro ne. Da dare a laƙaci basilin kaɗan a shafa masa a bakin ƙofofin hancin. In ya wuce minti 20 bai tsaya ba, ko yana yawan dawowa, a kai shi asibiti.

Mura ta kan tafi da kanta, ruwan ɗumi da hutu take so, ba a sayo kafso a kemis a ɗura wa yaro. Amma daga Disamba har zuwa faɗuwar damina lokacin sanƙarau ne a yankinmu, kuma cunkoso a ɗaki rufaffe yana taimaka masa. Kada ki tara su bakwai ɗaki ɗaya in da hali, kuma a bar wata kafa iska ta riƙa shiga. Duk yaron da ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sage, yana amai ko yana gudun haske, ba a jira gari ya waye.

Autan kuwa, ɗan shekara 5 ya yi fitsarin kwance ba ciwo ba ne, sanyi da baƙon wuri suna ƙara shi. A rage masa shayi da kunu bayan magariba, ya yi fitsari kafin ya kwanta, ki tashe shi sau ɗaya kafin ke ki kwanta. Ki shimfiɗa leda mai kauri ƙarƙashin zanin gadonsa, ki ba shi abin rufa mara nauyi guda biyu maimakon babban bargo. Ki hana sauran yi masa dariya.

Maman Iman:
Anti, wa ya ce sai da safe za su yi wanka? Hutu ake yi fa. Nawa da safe wanke fuska da baki kawai suke yi. Ina cika baƙaƙen jarkoki in jera su a rana tun hantsi, zuwa bayan azahar ruwan ya yi ɗumi, kowa ya yi wankansa, ko ashana ban ƙyasta ba. Ruwan alwalar asuba kuma tun dare nake zuba shi a babban filas. Mai a shafa shi jiki na da danshi, kafin a fito iska. Man kaɗanya nake narkawa da ɗan man zaitun, ya fi auki. Hannunki da faso in kina da shi, ki jiƙa a ruwan ɗumi da dare, ki shafa mai sosai ki sa safa ki kwanta.

Anti Zee:
Ku yi haƙuri, ni ban yarda da Hajiya ba a nan. Kullum mace ce za ta yi ta lallaɓa kowa. Kaduna ba sanyi ake yi ba? Ta yaya uwa za ta haɗa kayan yara huɗu a watan Disamba ba rigar sanyi? Wasu hutun kansu suke nema, su turo yara su miƙe ƙafa, wata can tana wahala. Ki ɗauki waya ki faɗa mata gaskiya, baɗi ta turo biyu ko su yi mako ɗaya. In kin yi shiru bana, haka za ki yi ta yi har yaran su yi aure.

Maman Walid:
Anti Zee, a yi mata uzuri. Ni ina cikin masu turawa, nawa suna Zariya gidan yayana yanzu haka. Muna yi ne don yara su san 'yan'uwansu, in ba a hutu ba yaushe za su haɗu? Ina haɗa su da katan ɗin taliya da kuɗin gas, amma ba kowa ne tunaninsa yake kaiwa nan ba, musamman in an saba ba a taɓa cewa komai ba.

Maman Sadiƙ, akwai bambanci tsakanin ƙorafi da sanarwa. In kin kira kun gaisa kika ce, "Yaya, sanyin Kano bana ba dama, ga su Ummi da mura, ko za a aiko musu da rigunan sanyinsu?" ba uwar da za ta ji haushi. Ta kai tashar Kawo ta ba direba, kafin yamma kin aika an karɓo a Unguwa Uku. Wannan kulawa ce da 'ya'yanta. Maganar kuɗi da yawan kwanaki kuwa, ki bar wa ƙaninta.

Maman Sadiƙ:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ummu Hanan, dama jiya wata maƙwabciya take ce mini in riƙa sa musu garwashi a ɗaki, Allah ya sa na tambaya. Anti Zee, na fahimce ki, sai dai matar nan ita ta zauna da ni a asibiti lokacin haihuwar Sadiƙ, ba zan iya buɗe baki in ce ta rage yara ba. Ƙurar fa da anko?

Malama Rabi:
Ƙanwata, ƙurar nan ba daga layinku take ba, kuma ba yaran ne suke kawo ta ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa ta kan Sahara, kuma mafi yawan hazon da ke rufe Kano daga wani busasshen kwari yake tasowa a arewacin Chadi, ana kiransa Bodele, inda a da can ruwan tafki ya kwanta. Abin da yake hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano, tsintsiyarki ba za ta kore shi ba, kuma yana nan har wajen Fabrairu ko Maris. Saboda haka shara sau ɗaya a rana ta isa. A yayyafa ruwa kafin a share, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe kafet a ajiye sai bayan sanyi, a tare ƙasan ƙofa da tsohon zani mai danshi. Duk wanda ya shigo gidanki a watan nan ya baro irinta a nasa.

Shiga da fitar kuwa rashin abin yi ne. Boko ce ta ba da hutu, Islamiyyu da yawa suna nan suna karatu. Ki roƙi malamin su Sadiƙ ya karɓi baƙin na ɗan lokaci, yawanci ba sa ƙi. Za ki samu awa biyu ko uku gidan shiru, ki kwanta ki huta, kada ki ce za ki yi wanki a ciki.

Maman Zahra:
Anko uku a wata ɗaya? Ki duba wanda ya fi kusa da ke ki yi nasa, sauran biyun ki sa atamfarki mai kyau ki je, ki kai gudummawa daidai ƙarfinki. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san halin da ake ciki, kuma duk wadda ta leƙa Kantin Kwari kwanan nan ba za ta zarge ki ba. Ki faɗa wa uwar biki tun yanzu kafin ta yanka da ke, abin da yake ɓata rai shi ne a ɗauko miki ki ce ba ki so. Rigunan sanyi kuma in Yaya ba ta aiko ba, Ƙofar Wambai akwai gwanjo masu kauri na yara, a wanke a shanya a rana kafin su sa. Ki ƙara da hula da safa, sanyi ta kunne da ƙafa yake kama su.

Maman Sadiƙ:
'Yan'uwa, na dawo da bayani. Na yi wa Baban Sadiƙ lissafin yadda Hajiya ta ce. Ya yi shiru, ya ce bai san gas ɗin har ya ƙare ba. Yau ya ciko shi, ya kuma ƙara kuɗin cefane. Na kira Yaya, ta ce wallahi Ummi ta bar wa haɗa kayan, gobe za ta ba direba. Amma da na ɗauko zancen baɗi, ko za a rage kwanakin, sai ya ce ba zai iya faɗa wa yayarsa haka ba, na ga ransa ya soma ɓaci sai na bari.

Anti Zee:
Kin gani ko? Gas kawai aka ciko, aikin yana nan a kanki.

Hajiya Babba:
Zee, a bi a hankali. 'Yata, kin yi daidai da kika bari, ba a yin wannan maganar yara na cikin gida. Ki jira sai sun koma. Wajen watan Nuwamba, kafin a ba da hutu, ki ce masa kina so su Sadiƙ ma su je Kaduna su san gidan gwaggonsu: mako na farko a nan, na biyu a can, ko bana nan baɗi can. Wannan zai iya faɗa wa yayarsa ba kunya, ita ma za ta ji daɗi. Yanzu dai ki sa Ummi ta jera jarkokin nan tun da safe, kuma ki tura wani ya tambayo malamin Islamiyyar kafin ranar Asabar.