Shayin kayan ƙamshi da ba ya hana barci: abin da aka tattauna

'Yan'uwa, ga abin da na tattaro, tunda hunturu ya kankama a Sakkwato.

1. Kowa ya yarda a bar ganyen shayi, shi ke ɗauke da sinadarin kafin.
2. Citta, kanumfari, girfa, kimba da ɗan masoro. A daddaka su sama-sama a turmi, kada su zama gari, a tafasa minti 10 zuwa 15 har ƙamshi ya cika gida. Kanumfari ƙwaya 3 ya ishi kofi 2, in ya yi yawa ɗaci yake.
3. Na'a-na'a sai an sauke tukunya.

An rabu kan zuma da mazarƙwaila. Madara ma haka: wasu na zubawa, wasu sun ce tana kashe yajin citta, kuma ni ina bayansu.